Darasi na 7: Yaron da Ya Yi Nauyin Baki

Uwa ba ta manta ranar da ɗanta ya fara tatata. Amma idan magana ta yi jinkiri, sai ka ji ana cewa, "A ƙyale shi, ai ubansa ma haka ya yi." Wani lokacin gaskiya ne. Wani lokacin kuwa yaron ba ya ji ne, kuma ba wanda ya lura.

Yawancin yara kan yi tafiya kafin wata 18. Ɗan shekara 2 yana haɗa kalma biyu, kamar "Inna ruwa" ko "ba ni". Ɗan shekara 3 kan yi maganar da baƙo ma zai gane mafi yawanta, ya kuma dame ki da tambaya. A shekara 4 zai ba ki labarin abin da akuya ta yi a tsakar gida, yana tsalle da ƙafa ɗaya kamar mai langa. Ɗan shekara 5 yana ƙirga 1 zuwa 10, ya sa rigarsa da kansa. Yara ba sa tafiya daidai, ratar wata biyu ko uku ba abin tashin hankali ba ce.

Kunne shi ne ƙofar magana, abin da yaro bai ji ba ba zai faɗa ba. Sanƙarau, wanda ya fi yawa a ƙasarmu lokacin zafi, yana iya barin yaro da kurumta bayan ya warke. Haka ma ƙyanda, da kunnen da ya daɗe yana zubar da mugunya. Mun saba da ganin yaro da ruwa a kunne, ƙuda na binsa, har muna ɗauka ba ciwo ba ne. Ciwo ne. Kada a ɗiga man ja ko ruwan ganye, kada a sa tsinke. A goge bakin kunnen da tsumma mai tsabta, a kai shi asibiti.

Ga gwajin da za ki yi a gida. Ki bari yana zaune yana wasa. Ki tsaya bayansa, inda ba zai ga inuwarki ba, ki kira sunansa a hankali. Ki sake daga ɗaya gefen. In ya saba sai an taɓa shi ko an yi tsawa yake waiwayowa, ba taurin kai ba ne, kada a dake shi.

A hanzarta zuwa wurin ma'aikacin lafiya idan yaro ya kai wata 18 bai yi tafiya ba, ko ya cika shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba, ko ba ya kallon idon mai yi masa magana, ko yana jijjiga. Wata alama mai gaggawa kuma ita ce yaron da ya iya abu sannan ya daina: da yana cewa "Baba", yanzu shiru. Wannan ba a kwana da shi. A tafi da katin riga-kafinsa.

Aikin gida: Rubuta sunan ƙaramin yaron gidanku, da shekarunsa, da kalmomi 5 da kika ji ya faɗa yau.