Wace irin wuƙa za ka jefa a jaka in za ka kwana a Dutsen Shere?

Duk wanda ya fara harkar hawan dutse da kwanan daji a Jos, da ya gama da maganar takalmi da rigar sanyi sai ya faɗo kan wuƙa. Kuma yawanci hoton da ake turowa a WhatsApp ana cewa "malam wannan ta yi?" na wata ƙatuwar aba ce baƙa wuluk, gadon bayanta duk haƙora kamar zarto, ƙotarta rami ce da ɗan kamfas a gindi, irin ta fina-finan yaƙi dai. Amsata ɗaya ce, ba ta yi ba. Nauyi za ta ƙara maka a hawa, albasa ma ba za ta yanka da kyau ba, sannan wannan ƙotar mai rami daidai inda aka haɗa ta da ruwan wuƙar nan take ɓallewa.

Kafin ka taka zuwa kasuwar Taminus ko ka fara duba shagunan intanet, zauna ka lissafa aikin da wuƙar nan za ta yi daga yammacin Juma'a zuwa Lahadi. Yanka albasa da tumatir da attarugu, feraye dankali, yanke igiyar tanti, fiƙe turakun da za a kafa, ɓare rake, yanka burodi, in an tafi da kaza a yanka ta a gyara, sai tsattsaga 'yan ƙiraren hura wuta. Ka ga kusan duk aikin kicin ne da ɗan sassaƙa. Sare reshe mai kauri ko share ciyawa aikin adda ne, in kuna da yawa mutum ɗaya ya ɗauko adda ta ishe ku duka, kar ka ɗora wa wuƙa abin da ba nata ba.

To tsawo. Ruwan wuƙar, ban da ƙota, ya kasance tsakanin santimita 9 zuwa 12. In ba ka da abin awo a kasuwa ka ɗora ta a tafin hannunka a kwance, ta ɗan zarce faɗin tafin kaɗan, shi ke nan. Kaurin gadon bayanta kuma milimita 2 da rabi zuwa 3 da rabi ya isa. Wadda ta kai milimita 5 ko 6 ana yi mata kallon ƙarfi, amma ka sa ta a dankalin turawa ka gani, fasa shi take yi ba yankawa ba. Tsinin ya zama wanda ya ɗan sunkuyo ƙasa a hankali, ba mai siririn baki kamar allura ba, don siririn tsini shi ke fara karyewa ranar da wani ya ara ya ce zai ɗan buɗe gwangwanin sadin (kuma za a ara, ka sa wannan a ranka). Mai kaifi biyu kuwa ka bar ta inda ka gan ta, ba ka da inda za ka ɗora babban yatsa in kana fiƙe itace. Haka ma mai haƙora a bakinta, tana cin igiya da sauri amma wasa ta a daji wahala ce.

Sai babbar gardamar da ba ta ƙarewa, mai naɗewa ko miƙaƙƙiya mai kube. In tafiyar yini ce, ku hau da safe ku sauko kafin magariba, ko fikinik a Assop ko wajen duwatsun Riyom, mai naɗewa ta wadatar, ba nauyi, tana shiga aljihu. Amma sharaɗi, ta kasance mai makulli, wato in ka buɗe ta tana datsewa sai ka danna ko ka murɗa wani abu kafin ta rufe. Wadda ba ta da shi in ka matsa mata a aiki tana iya rufewa a kan yatsunka. In kuwa kwana za a yi, za a dafa abinci a hura wuta, ni dai miƙaƙƙiya nake ba da shawara. Ba ta da gaɓar da za ta yi sako-sako, yashi ba ya shiga ya cije ta, kuma bayan gyaran kaza ɗauraya ɗaya ta fita tas, saɓanin mai naɗewa da jini da kitse ke maƙalewa a cikin lungunta har ta fara wari.

A miƙaƙƙiyar, abin da za ka duba shi ne ƙarfen ya ratsa cikin ƙotar har ina. Mafi ƙarfi ita ce wadda ƙarfen ya tafi har ƙarshen ƙota, za ka gan shi a tsakiya an manna itace ko roba gefe da gefe an buga ƙusoshi. Amfaninta yana fitowa da damina. Wanda ya san ruwan Agusta a Filato ya san duk itacen da ka tsinta a jiƙe yake, amma cikinsa a bushe, to dabarar ita ce ka ɗora bakin wuƙar a kan guntun icen da bai wuce kaurin hannunka ba, ka riƙa buga gadon bayanta da wani ice har ya tsage, ka samu busasshen ciki ka fere shi siriri-siriri ka kunna. Wuƙar da ƙarfenta ya tsaya a rabin ƙota za ta jure wannan in icen ƙarami ne, mai naɗewa kam kar ma ka gwada, makullin za ka kashe.

Yanzu maganar ƙarfe, nan ne mutane ke ruɗewa saboda lambobin da ake rubutawa. A taƙaice gida biyu ne. Akwai baƙin ƙarfe, wanda a na waje za ka ga an rubuta carbon ko lamba irin 1095, yana ɗaukar kaifi sosai kuma wasa shi ba wuya, amma yana tsatsa. Ka yanka tumatir ko lemun tsami ka bar shi ba gogewa, kafin ka gama cin abinci ya fara canza kala, ka kwana da shi a jiƙe cikin kube gobe ka tarar da ja-ja. Sai sitenles, wanda aka haɗa da sinadarin kuromiyam don kar ya yi tsatsa da wuri, irin su 12C27 na Suwidin ko 440C ko 420HC. Wanda zai riƙa fita daga Afrilu zuwa Oktoba, lokacin ruwa da hazo, kuma ya san kansa ba mai goge kaya ba ne, ya ɗauki sitenles ya huta. Wanda yake jin daɗin zama yana wasa wuƙarsa yana shafa mata mai, baƙin ƙarfe zai fi yi masa daɗi. Dishi-dishin toka ko shuɗi da ke hawa kan baƙin ƙarfe bayan an jima ana aiki da shi ba tsatsa ba ne, kar ka kankare, yana ma ɗan kare shi. Jan ne abokin gaba. Abin da zan ce ka yi hattara da shi shi ne wuƙar da aka rubuta mata "stainless" kawai ko 440 ba harafi a gaba, tana ƙyalli kamar madubi ana sayar da ita araha, yawancinsu ƙarfen da laushi, yau ka wasa gobe ta dakushe.

Kar kuma a raina maƙeranmu. Da yawansu da sifirin mota suke ƙira, kuma ƙarfen sifirin ƙarfe ne mai kyau mai jure duka, ka dubi wuƙaƙen mahauta da masu tsire yadda suke aiki daga safe har dare. Inda ake samun bambanci shi ne wajen horar da ƙarfen a wuta. Wani maƙerin in ya tsoma a mai ko ruwa ya taurare sai ya sake ɗumama shi kaɗan don kar ya yi gautsi, wani kuma gaggawa yake yi. Ga yadda za ka gane a tsaye a gabansa: karɓi magagari ka ɗan goga a bakin wuƙar. In magagarin ya kama yana cin ƙarfen cikin sauƙi, ta yi laushi. In yana zamewa yana ɗan ƙara siririya, ta taurara. Sannan ka nemi guntun busasshen ice ka fere da ɗan ƙarfi, ka ɗaga bakin a rana ka duba, in ka ga ya ɓantare ƙanana-ƙanana to taurin ya yi yawa, in ya lanƙwashe gefe ya yi kaɗan. Gara ka zana masa abin da kake so a takarda da tsawo da kauri, ka ce ƙarfen ya ratsa ƙota, in ba haka ba siririyar doguwar wuƙar fawa zai miƙo maka don ita ya saba yi. Daga nan ka wuce wajen baduku ya ɗinka mata kube daidai jikinta.

Ƙota kuwa sai ka riƙe ka ji. Dutsen Shere ya haura mita 1,800, kuma da sanyin Disamba da Janairu in ka tashi da asuba za ka haɗa shayi yatsunka ba sa jin maganarka, a nan ƙotar ƙarfe zalla ko mai santsi take zama matsala. Nemi roba mai ɗan kaushi ko itacen da bai sha fenti ba, wadda ta cika hannu, da ɗan tudu a gaba da zai tare yatsa kar ya zame kan kaifi. In mai shago ya yarda jiƙa hannunka da ruwan leda ka sake riƙewa. Kube ma rabin wuƙa ne fa. Saka ta ciki ka juya ƙasa ka girgiza, in ta faɗo ba ka sayi komai ba. Na fata ya fi kyan gani amma yana riƙe danshi, don haka in ka dawo gida ka zare ta ka ajiye daban, na roba mai tauri kuma ba ruwansa da ruwan sama.

Sunaye, tunda sai an tambaya. Morakniv Companion ta Suwidin ita ce ake yawan nuna wa sabon shiga a duniya, ruwanta santimita 10 da ɗan ɗori, ƙotar roba, kuben roba, ba nauyi, ana yin ta da baƙin ƙarfe da sitenles duka. Ƙarfenta bai kai ƙarshen ƙota ba amma ga aikin da muka lissafa ta ishe ka har da sauran canji. A masu naɗewa akwai Opinel ta Faransa da ake yi tun 1890, lamba 8 ruwanta santimita 8 da rabi, tana da zoben ƙarfe da ake murɗawa ya kulle ta, wajen yanka kayan miya ba ta da tsara, sai dai ƙotar itace ce, in ta sha ruwa tana kumbura ta ƙi buɗuwa. Victorinox ta Suwizalan, jar nan mai almakashi da mabuɗin gwangwani, wasu har da ɗan zarto, tana da kyau a matsayin ta biyu a aljihu, amma ƙananan yawanci ba su da makulli. Jabun waɗannan sun cika gari, musamman jar. Orijina in ka buɗe ta ka rufe za ka ji ta ƙas, ba ta karkaɗawa hagu da dama, rubutun jikin ƙarfen a fili yake ba dusu-dusu ba. In farashin ya yi daɗi fiye da kima, araha ba ta ado.

Duk wadda ka saya za ta dakushe, don haka ɗan ƙaramin dutsen wasa wuƙa ya zauna a jakar. Kwantar da bakin a kan dutsen ka ɗaga bayan kaɗan, wajen digiri 20, ka riƙa turawa kamar za ka yanko siririn ɓawo daga dutsen, gefe da gefe daidai wa daida, ka ƙarasa da jan ta baya-baya a cikin bel ɗinka na fata. In dutsen ya ɓata, gindin kofin tangaran inda ba a shafa masa ƙyalli ba yana yi. Gwaji shi ne nunannen tumatir, in ta shige ba tare da ka danna ba ta yi. Kar ka goga ta a kan duwatsun da kuke zaune a kai, kaushinsu ɓantare baki yake, kuma kar ka kai wa mai injin gurza ƙarfe ya riƙe ta har bakin ya yi shuɗi, zafin ya kashe taurin kenan. Man da za ka shafa ya zama man gyaɗa ko wani na ci, ba baƙin mai ba, tunda da ita za a yanka abin da za ku ci.

Saura maganar hanya, kuma a Jos wannan ba abin wasa ba ne. Kowa ya san yanayin garinmu da shingayen jami'an tsaro. Kar ka rataya wuƙa a ƙugu ka hau keke napep ko ka ratsa unguwa ko ƙauyen mutane da ita a fili, ta zauna cikin kubenta a can ƙasan jaka tare da tukunya da cokula da tanti, yadda duk wanda ya buɗe zai ga kayan girki ne. In an tsayar da ku aka tambaya akwai wani abu a jaka, ka faɗa da bakinka kafin a gano. Wannan ma wani dalili ne na guje wa ƙatuwar baƙar can, ƙaramar wuƙa kusa da albasa bayaninta ba wuya. Wanda zai hau jirgi daga filin jirgin Jos da ke Heipang ko daga Abuja kuma ya saka ta a jakar da ake aunawa, a ta hannu ƙwacewa za a yi.

A wajen aiki, yanka ya riƙa tafiya nesa da jikinka, kuma in kana zaune kana fiƙe turke kar ka yi a tsakanin cinyoyinka, akwai babbar jijiyar jini a wurin kuma asibiti yana da nisa daga kan dutse, ɗora gwiwar hannu a kan gwiwarka aikin ya zama a gaba. Ka tabbata ba wanda ke zaune inda hannunka zai kai. In ta suɓuce ka janye ƙafa ka bar ta ta faɗi, kar ka ce za ka cafe. In za ka miƙa wa wani, ƙota ce gaba, ko ka ajiye a ƙasa ya ɗauka. Filasta da bandeji su kasance a aljihun saman jaka inda hannu ɗaya zai iya zarowa.