Yadda Ake Shirya Mai Bayani na Kwamfuta Domin Kwamandan Soja

Cibiyar fasahar ƙirƙira (Institute for Creative Technologies, ICT) ta Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wadda rundunar sojan Amurka ta ɗauki nauyin kafa ta a 1999, ta daɗe tana ƙera mutanen kwamfuta, wato siffofin mutane da ke bayyana a kan allo, masu fuska da murya. Duk mai son irin wannan siffa ta riƙa yi wa kwamanda bayani, sai ya fara da tace rahotanni, ta yadda kowace magana za ta zo da tushenta da lokacin da aka samo ta.

Daga nan a daidaita murya da taswira, idan an ambaci gada, gadar ta haskaka a kan allo nan take. Abin da ya fi damuna shi ne fuskar, domin mutum yakan gaskata mai magana cikin natsuwa, saboda haka wajibi ne ta bambance tabbas da zato ƙarara. A 1988 ma'aikatan jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Vincennes sun ɗauka jirgin fasinjan Iran saukowa yake yi alhali yana hawa, suka harbo shi, mutum 290 suka rasu. Don kauce wa irin wannan kuskure, a bai wa kwamanda ikon katse bayanin a kowane lokaci, ya duba ainihin alƙaluman rada, wato na'urar hango jirage, da idonsa.