Yadda Ake Sauya wa Tsohuwar Tatsuniya Gari a Fim ɗin Katun na Yara

A shekarar 1995 tashar HBO ta Amurka ta fara nuna wani jerin katun na yara wanda ya ɗauki sanannun tatsuniyoyin Turai ya kai kowace ɗaya cikin wata al'umma dabam, wata a tsakanin baƙaƙen fata, wata a ƙasar Sin, wata kuma a tsakanin mutanen Latin Amurka. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga wanda ya karanta Magana Jari Ce, domin tun a ƙarshen shekarun 1930 Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga tatsuniyoyin Jamus da na Larabawa ya zaunar da su a ƙasar Hausa, har mai karatu ya ɗauka a bayan garinsu suka faru. Mai son yin wannan aiki a katun ya sani cewa sauya wa jaruma launin fata da ɗaura mata ɗankwali bai isa ba. Abin da ake sauyawa shi ne gidan da labarin yake zaune da dalilan da suke motsa mutanen cikinsa.

Ka fara da tattara siffofin labarin

Kada ka dogara da siffa ɗaya, musamman wadda ka gani a talabijin. Mu ɗauki labarin marainiyar da Turawa suke kira Sindarela. Wanda Charles Perrault ya buga a Faransa a 1697 shi ne mai takalmin gilashi da kabewar da ta zama keken doki da sharaɗin komawa gida kafin sha biyun dare. A siffar 'yan'uwan nan biyu na gidan Grimm, waɗanda suka fara fitar da littafinsu a Jamus a 1812, babu tsohuwa mai sandar sihiri da take taimakon yarinyar kamar a na Perrault, sai itaciya a kan kabarin uwa da tsuntsaye, kuma 'ya'yan matar uban har yanke yatsa da diddige suka yi don takalmin da ɗan sarki yake neman mai shi ya shige su. A ƙasar Sin an rubuta labarin Ye Xian tun ƙarni na 9, inda ƙasusuwan wani kifi ne suke taimakon yarinyar. A cikin tatsuniyoyin Hausa da Frank Edgar ya tattara ya buga tsakanin 1911 da 1913 ma akwai marainiyar da take ciyar da kwaɗi a kududdufi, har wani kwaɗo ya sāka mata da kayan ado da takalma ranar biki.

Idan ka jera waɗannan za ka ga abin da ba ya canzawa: yarinyar da aka wulaƙanta a gidan ubanta, wani mataimaki da ba a zata ba, taron da aka hana ta zuwa, da alamar da ta sa aka gane ta. Wannan shi ne ƙashin bayan labarin, sauran kuwa tufafi ne da kowace ƙasa ta ɗinka masa. Rubuta ƙashin bayan a jimla huɗu ko biyar, ka ajiye shi a gabanka har ƙarshen aiki.

Akwai kuma fa'idar shari'a a nan. Rubutun Perrault da na Grimm sun daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, kowa yana iya sarrafa su, amma zanen mutane da waƙoƙin da kamfanin Disney ya yi a fim ɗinsa na Sindarela na 1950 mallakarsa ne. Wanda ya kwaikwayi shuɗiyar rigar jarumar fim ɗin ko ɓerayen cikinsa ya shiga gonar da ba tasa ba.

Ka zaɓi wuri ɗaya takamaimai

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ce labarin yana faruwa "a Afirka", sai a haɗa duwatsun wuyan Masai na Kenya da rawanin Kano da raƙumin dawa a fage guda. Yaron da ake so ya ga kansa a fim ɗin ba zai ga kowa ba. Ka yanke shawara: birni ne mai ganuwa da fada, ko ƙauye ne a bakin gulbi, ko rugar Fulani? Damina ce ko kaka? Da zarar ka amsa, sauran abubuwa suna biyo baya da kansu, domin gidan birni yana da zaure da soro, na ƙauye yana da rumbu da dangar kara, kuma aikin da za a ɗora wa marainiya ya danganta da lokacin shekara, ko surfe da ɗiban ruwa, ko tsinkar ganyen miya da kai abinci gona.

Daga nan sai ka bi kowane abu na siffar Turai ka tambayi aikin da yake yi, sannan ka nemo abin da yake yin wannan aiki a wurin da ka zaɓa. Agogon sha biyun dare aikinsa shi ne sanya wa'adi, to faɗuwar wata ko carar zakara ta farko za ta yi. Rawar fada aikinta shi ne haɗa 'yar talaka da ɗan sarki a wuri guda, to dandali a daren farin wata ko bikin sallah ya isa. Tsohuwa mai sandar sihiri kuwa muna da wadda ta fi ta, wato tsohuwar nan ta bakin rafi da take cewa a cuɗa mata baya, 'yar bora ta cuɗa da ladabi, 'yar mowa ta yi tsaki ta wuce. A ganina wannan ta fi ta Perrault ƙarfi a fim ɗin yara, saboda yarinyar ta yi wani abu da hannunta kafin taimako ya zo mata, ba zama ta yi tana kuka a gindin murhu ba.

Ƙananan abubuwa su ne suke tona asirin wanda bai yi bincike ba. Ba a busa kakaki don kowa sai sarki, kuma a Kano rawani mai kunne biyu na 'yan gidan sarauta ne, don haka kada ka naɗa shi a kan mai sayar da goro. Idan labarin zai zauna a tsakanin Barebari ko Nufawa ko Buzaye, kai kuma ba daga cikinsu kake ba, ka nemi wanda ya tashi a can ya duba zanenka da rubutunka tun kafin ka fara motsa komai, kuma ka biya shi, domin aiki ne ya yi.

Abu biyu nake so a yi hattara da su. Na farko, kada a zana jaruma fara sol, a zana muguwa baƙa ƙirin, domin yara suna ɗaukar wannan darasi ko da ba wanda ya furta shi. Na biyu ya fi wuya, kuma shi ne batun kishiyar uwa. Da yawa daga cikin yaran da za su kalli fim ɗin suna cin tuwo daga hannun matar ubansu kowane dare. Ba sai an cire muguntar daga labarin ba, don idan babu ita babu labari, amma ana iya nuna cewa halin wannan mace ɗaya ce, a kuma sanya wata matar uba mai kirki a maƙwabta, ko a bai wa uban rabonsa na laifi, shi da ya ga abin da ake yi ya kawar da kai.

Rubutu da murya kafin zane

Fim na farko kada ya wuce minti biyar zuwa bakwai. Rubuta shi kai tsaye da harshen da za a ji shi, sannan ka karanta wa yara biyu ko uku da baki kawai, ka lura da inda idonsu ya fara yawo, domin nan ne za ka yanke. Ka buɗe da "Ga ta nan, ga ta nanku", ka bar ɗan shiru don masu kallo su amsa "Ta zo mu ji ta", ka kuma tsara gajeriyar waƙa mai amshi wadda za ta dawo sau uku, tunda tatsuniya ba ta cika sai da waƙa. Waƙar ta zama taka ko ta gargajiya wadda ba ta da mai ita.

Ana ɗaukar murya kafin a zana motsi, saboda zanen ne yake bin magana. Ƙaramin ɗaki mai katifa da labule ya fi babban falo, don tufafi suna shanye amsa-kuwwa, kuma manhajar Audacity, wadda kyauta ce, ta isa a gyara sautin. Ka zaɓi karin harshe ɗaya ga mutanen gida ɗaya, kada uwa ta yi Sakkwatanci 'yarta tana Kananci ba tare da dalili a cikin labarin ba. Idan yara ne za su yi murya, sai da yardar iyayensu.

Bayan haka sai ka zana labarin fage-fage a ƙananan akwatuna, zane na gaggawa ba mai kyau ba, ka jera su a kan muryar da ka ɗauka ka kalla daga farko har ƙarshe. Gyara a wannan mataki aikin yini ɗaya ne, amma bayan an motsa zane yana iya cin wata guda.

Lissafin motsi

Fim yana tafiya da hoto 24 a kowace daƙiƙa, amma masu katun da yawa suna zana 12 su nuna kowane sau biyu. Ko da haka, minti biyar daƙiƙa 300 ne, wato zane 3,600 idan komai zai motsa a kowane lokaci. Mutum ɗaya ba zai iya wannan cikin sauƙi ba, shi ya sa ƙaramin rukuni ya fi dacewa ya bi hanyar yanka gaɓoɓi: a zana kai da hannu da ƙafa dabam-dabam, a haɗa su a gwiwa da kafaɗa, a riƙa juya su kamar 'yar tsana, a kuma tanadi siffofin baki kamar shida zuwa takwas don magana. Wannan ba ƙasƙanci ba ne. Da yankakkun takardu Lotte Reiniger ta yi dogon fim ɗinta na 1926 a Jamus daga labaran Dare Dubu da Ɗaya, kuma Mustafa Alhassan na Nijar, wanda ake lissafawa cikin magabatan katun a Afirka, da kayan aiki kaɗan ya yi fina-finansa na kwaɗi a shekarun 1960.

Manhajojin kyauta sun wadatar: Krita da OpenToonz don zane da hannu, Synfig don motsa gaɓoɓi, Blender ga mai kwamfuta mai ƙarfi, FlipaClip kuma ga mai waya kaɗai. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kanta. Babbar riga da zane da mayafi suna da wuyar motsawa fiye da wando, don haka ka rage yawan ninki da aikin wuyan riga a zanen mutane, ka kai adon kan bango da ƙofa da ƙwarya, waɗanda sau ɗaya ake zana su. Ka adana cikakken motsi don wurare biyu ko uku da suka cancanta, kamar lokacin da kwaɗon ya fito da kaya da kuma rawar dandali.

Fitarwa

Yawancin yara a waya za su kalla, sau da yawa wayar uwa ce, don haka fuskoki su fito manya, magana ta fi kiɗa ƙara, kuma ka tanadi ƙaramin kwafi mara nauyi wanda za a iya turawa ta WhatsApp. Idan za ka ɗora a YouTube, dole ne ka nuna cewa na yara ne, zaɓin da tun 2020 yake rufe wurin sharhi ya kuma hana tallan da yake bin halin mai kallo, saboda haka kuɗin talla zai ragu kuma ba za ka ji ra'ayin jama'a ta nan ba. Ra'ayin da ya fi amfani za ka same shi ne kafin ɗorawa: ka tara yara biyar ko shida waɗanda ba 'yan gidanku ba, ka kunna musu ba tare da bayani ba, washegari kuma ka ce ɗaya daga cikinsu ya ba ka labarin. Duk fagen da ya tsallake ko ya rikita, shi za ka koma ka gyara.