Yadda ake kallon zane a Gidan Makama

Kanawa da yawa sun sha wucewa ta ƙofar Gidan Makama, gidan adana kayan tarihi, a adaidaita sahu, amma ba su taɓa sa ƙafa ciki ba. In ka yi niyya, ka je da hantsi, kafin rana ta take. Ranar Juma'a ka haƙura, domin gidan yana daura da fadar Sarki, Babban Masallaci kuma ba nisa, cunkoso zai cinye maka lokaci. Ka riƙe 'yan canji na kuɗin shiga, ka nemi a haɗa ka da mai zagayawa da baƙi.

Abin da nake roƙon duk wanda na raka shi ne kada ya yi gaggawar shiga. Tsaya daga waje tukuna, don bangon nan shi ne zanen farko da za ka gani. Gidan tun ƙarni na 15 yake, an gina wa Muhammadu Rumfa kafin ya hau karagar Kano a 1463. Dubi adon da magina ke fitarwa da hannu tun yaɓe yana ɗanye: wani layin ya taso, wani ya nutse, sun sarƙe da juna. Da hantsi haske yana faɗa masa a karkace, inuwa ta kwanta cikin kwarmin, sai zanen ya fito ɓaro-ɓaro. Da tsakar rana kusan shafewa yake yi. In ka shiga zaure kuma ka ɗaga kai, ka bi bakan gizo, wato ginshiƙan ƙasa masu lanƙwasa da ke ɗauke da rufin, da ido daga ƙasa har inda suka haɗu, ka ga yadda aka jera azara a tsakaninsu. Raina yana ɓaci in na ga matashi ya ratsa zauren nan idonsa a kan waya.

A ciki akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin ganuwa, da kayan kiɗa, da ɗakin amarya, da hotunan tarihi har da na zuwan Turawa a 1903. Ba za ka iya ba kowanne haƙƙinsa a yini ɗaya ba. Zaɓi hoto ko zane biyu ko uku da suka kama ka. Fara daga nesa, ka lura da inda idonka ya fara sauka. Sannan ka matso ka duba ƙananan abubuwa: naɗin rawani, kwalliyar doki, wanda aka bari a gefe yana leƙe. Rubutun da ke ƙasa ka bar shi ƙarshe, in ba haka ba shi zai faɗa maka abin da za ka gani.

Kada ka taɓa komai, gumin hannu yana cin launi. Tambayi ma'aikaci kafin ka ɗauki hoto, ka kashe fitilar wayarka. In da yara ka zo, ba su takarda da fensir su kwaikwayi adon bango ɗaya, za ka ga sun natsu.

In da sauran ƙarfi, ka wuce Nasarawa, Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna, mutumin da ya buɗe makarantar boko a unguwar a 1909. Can ma ginin ƙasa ne mai ado, sai ka gwada hannun maginansa da na Gidan Makama.