Kurakuran da aka fi yi wajen tsayar da manhaja idan ta ci karo da matsala

Ka ɗauka ka rubuta wa ƙungiyar manoman shinkafa a Kura ko Auyo wata 'yar manhaja da Python, ɗaya daga cikin harsunan rubuta manhaja, tana lissafa buhuna da bashin taki. Kai kana birni, sakataren ƙungiya ne ke gaban kwamfutar. Ranar da ta tsaya, waya zai bugo maka ya karanto abin da ke kan allo, ga sabis yana yankewa. Domin shi ake rubuta saƙon kuskure.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne saƙo maras kan gado, irin "An samu matsala". Wace matsala? A ina? Bawan Allah ya rasa ta inda zai kama. Faɗa masa abin da ya faru da abin da zai yi, ta sys.exit, umarnin da ke tsayar da manhaja a Python:

sys.exit("Ban ga fayil ɗin buhuna.csv ba. A duba ko filashin yana jikin kwamfutar.")

Idan kuma wani ya rubuta harafin O a gurbin sifili, saƙon ya ambaci layi na nawa ne a cikin fayil ɗin da ainihin abin da aka rubuta, don kada a kwana ana laluben suna ɗaya cikin ɗaruruwa.

Akwai wanda ya fi wannan haɗari domin ba ya fitowa fili. Kowace manhaja tana barin lamba idan ta fita: 0 na nufin lafiya lau, saura kuwa matsala. Mutum ya buga saƙo da print, ya bi shi da sys.exit() babu komai a ciki, sai ta fita da 0. Manhajar da ke biye, mai tura wa manoma saƙon bashinsu, ta ɗauka an gama, ta aika rabin lissafi. Shi ke nan rigima ta tashi a taron ƙungiya. Idan ka sa rubutu a cikin sys.exit, Python zai tura shi stderr, wato mafitar da aka ware wa saƙonnin kuskure, ya fita da 1. A kula, die("saƙo"), takwaran sys.exit a harshen PHP, da 0 yake fita. A harshen Bash kuwa sai ka rubuta exit 1 da hannunka.

Da except ake kama kuskure a Python, pass kuma na nufin kada a yi komai. Ni dai ban ga abin da ya kai except: tsirara, wato babu sunan kuskuren da za a kama, da pass a ƙarƙashinsa ɓarna ba. Yana haɗiye komai, har da sys.exit ɗinka da Ctrl+C da ake dannawa don tsayar da manhaja. Kama abin da kake tsammani kawai, kamar FileNotFoundError (ba a ga fayil ba) ko ValueError (abin da aka shigar bai dace ba).

Masu rubutu da harshen Perl su riƙa saka $! a cikin saƙon die ɗinsu, shi ke ɗauke da dalilin da kwamfutar ta bayar.

Kada lambar asusun manomi ko kalmar sirri ta shiga cikin saƙon. Sakatare zai ɗauki hoton allon ya tura ta WhatsApp, wani lokacin ma a zauren 'yan ƙungiya gaba ɗaya. Lambar layi da sunan fayil sun isa ka gano inda gyaran yake.