Yadda za ka shirya wa darasin fitowar gaggawa daga ƙarƙashin ruwa

Mu a Damagaram ba mu da teku, don haka mai son takardar shaidar nutso da tulun iska sai ya yi tafiya, wasu har Bahar Maliya a Masar. Kada ka gwada wannan a tafkin damina, sai gaban malami.

1. Ka san dalili tukuna. A zurfin mita 10, nauyin da ke danne jiki ya ninka na sarari sau 2. Iskar da ka shaƙa a can tana kumbura yayin da kake hawa, in ka riƙe numfashi huhu na iya fashewa.

2. Tun a gida, ka riƙa fitar da iska a hankali kana cewa "aaaa" na daƙiƙa 30. Siririyar murya ake so, ba ihu ba.

3. Ka haddace alamar ƙarewar iska: tafin hannu yana yanka maƙogwaro. Abokin nutsonka shi ne mafita ta farko, yana da bututun numfashi na biyu. Sai in ya yi nisa za ka hau kai kaɗai.

4. A tsarin PADI, ƙungiyar da ke horar da masu nutso, ana fara gwajin a wurin ninkaya, a kwance, tsawon mita 9. Bututu na bakinka, kada ka tofar. Kai sama, hannun dama a miƙe, na hagu kan maɓallin rage iskar riga, wato rigar nutso da ake hura wa iska don ta taso da kai.

5. Wajen hawa, kada saurinka ya wuce mita 18 a minti ɗaya.

6. Da ka ɓullo, hura rigar da baki. In ruwa na jan ka, saki darmar da ka ɗaura a ƙugu don ƙarin nauyi.