Yadda Ake Nazarin Labarin Horon Alloli a Tatsuniyoyin Girkawa

Abin da ya fi kayar da mai nazarin Prometiyus, Sisifus ko Tantalus shi ne ɗaukar labarin kamar yana da siffa ɗaya tak. Girkawa ba su da wani littafi guda da ya tsayar da waɗannan labarai. Mawaƙa ne suka riƙa ba da su cikin ɗaruruwan shekaru, kowa da tasa riwayar. Hoton azabar bai cika sauyawa ba: dutse, gaggafa, ruwan da ke guje wa mai ƙishi. Abin da ke sauyawa daga baki zuwa baki shi ne laifin da aka yi, da kuma wanda mawaƙin ya ba gaskiya.

Fara da gano riwaya mafi tsufa, ka rubuta sunan mai ita da zamaninsa a saman takarda. Na Prometiyus, Hesiyod ne, wajen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa. Na Sisifus da Tantalus, babi na 11 ne na Odisi, waƙar Homa, inda Odisiyus ya gan su a duniyar matattu. Na Arakne da Aktiyon kuwa, cikakken labarin da kowa ke maimaitawa na Obid ne, mawaƙin Romawa, wajen shekara ta 8 miladiyya. Tsakanin Hesiyod da Obid akwai kusan shekara 700 da harsuna biyu, don haka kada ka sa maganar wannan a bakin wancan.

Sai ka tsaga takardar gida uku: abin da mutumin ya aikata, wanda ya hukunta shi, da siffar azabar. Ka cika su da abin da ke cikin nassin da ke hannunka kaɗai. Nan za ka ga abin mamaki. Homa ya nuna Sisifus yana tura ƙaton dutse da hannuwa, ya kafa ƙafafu, gumi na zuba, ƙura na tashi daga kansa, ya kusa kai ƙolin tudu sai nauyin ya juyo da dutsen ƙasa. Ya nuna Tantalus tsaye cikin tafki, ruwa har haɓa, da ya sunkuya sai ruwan ya ƙafe, baƙar ƙasa ta bayyana a ƙafafunsa, ga rumman da tuffa da ɓaure da zaitun suna reto bisa kansa, da ya miƙa hannu sai iska ta watsa su sama. Amma a wannan wuri bai faɗi laifin ko ɗayansu ba. Na Titiyos, wani da ake azabtarwa a can, kawai ya faɗa, wanda ungulaye biyu ke cin hantarsa saboda ya kai wa allahiya Leto farmaki. Gidan da nassi ya bari fanko, kai ma ka bar shi fanko. Masu gaggawa sukan cike shi da abin da suka tsinta a taƙaitattun littattafai, su ce Homa ne ya faɗa, nazarin ya karkace tun daga tushe.

Riwayoyin baya kowace ta samu nata layi. Findar, mawaƙin Girkawa, a waƙar da ya yi a shekara ta 476 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce laifin Tantalus satar abinci da abin shan alloli ne ya ba abokan shansa, azabarsa kuma dutse ne rataye bisa kansa. Ya kuma ƙi yarda da labarin cewa alloli sun ci naman ɗansa Felos. Sisifus an jingina masa laifi fiye da ɗaya: tona asirin Zeyus, sarkin alloli, ga uban yarinyar da Zeyus ya sace, ɗaure Mutuwa, da umartar matarsa kada ta yi masa jana'iza don ya samu hujjar dawowa duniya. Ka lura da adadi ma, don yana tona inda marubuci ya ɗebo labarinsa. 'Ya'yan Niyobe da alloli suka kashe 12 ne a babi na 24 na Iliyad, waƙar Homa, amma 14 ne a wajen Obid.

Bayan wannan ka tambayi kanka ko azabar ta yi kama da laifin. Sau da yawa takan yi. Wanda ya ci amanar teburin alloli an hore shi da yunwa. Wanda ya ƙi zama a ƙarƙashin ƙasa an ba shi dutsen da kullum ke komawa ƙasa. Aktiyon maharbi ne, Artemis, allahiyar farauta, ta mai da shi barewa, karnukansa suka yayyaga shi. Sai dai kada wannan dacewar ta ruɗe ka ka ce duk girman kai ne ya ja musu. Wasu sun yi tawaye da gangan, kamar Prometiyus. Wasu fariya suka yi, kamar Niyobe da ta gorantawa Leto ƙarancin 'ya'ya. Aktiyon kuwa faɗawa ya yi inda Artemis ke wanka, kuma Obid da kansa ya ce kuskure ne, ba mugun aiki ba. A labarin Arakne ma, Obid ya ce Atena, allahiyar da ta yi gasar saƙa da ita, ta rasa aibin da za ta kama a saƙar yarinyar, wadda ta zana yaudarar da alloli ke yi wa mata. Haushi ne ya sa ta keta saƙar, ta buge ta da ƙoshiya. Allolin Girkawa martabarsu da rabonsu suke karewa, suna da kishi da son kai, kuma Zeyus kansa tumɓuke ubansa Kronos ya yi ya hau mulki. Wanda ya karanta su a matsayin alƙalan adalci zai rasa rabin abin da mawaƙan ke faɗa.

Prometiyus ne ya fi cancanta ka daɗe a kansa. A wajen Hesiyod mai wayo ne da wayonsa ya ci shi. A Mekone ya raba sa gida biyu, ya ɓoye nama cikin tumbi, ya lulluɓe ƙasusuwa da kitse mai sheƙi, Zeyus ya ɗauki ƙasusuwan. Zeyus ya hana mutane wuta, Prometiyus ya sato ta cikin wani kara mai ɓargo. Aka ɗaure shi, gaggafa na cin hantarsa da rana, ta sake tohowa da dare, har Herakilis ya kashe tsuntsun. Hukuncin Hesiyod a fili yake: ba a yaudarar Zeyus a tsira. To, ka buɗe wasan kwaikwayon ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda ake dangantawa da Eskilus (masana na da saɓani a kan marubucinsa, don haka ka rubuta “ake dangantawa”). A nan Zeyus sabon sarki ne mai danniya, Prometiyus kuma shi ya koya wa mutane lissafi, rubutu, magani, tuƙin jirgin ruwa da haƙar ƙarafa. Yana riƙe da sirrin auren da zai iya kayar da Zeyus, Hamis, ɗan aiken alloli, ya zo da barazana, Prometiyus ya ƙi buɗe baki. Ɗauri ɗaya ne, amma an juya hukuncin.

Idan ka zo bin sawun labarin cikin adabin baya, tambayoyi uku sun isa: wace riwaya marubucin ya ɗauka, me ya zubar, kuma wa ya zaunar a kujerar Zeyus. Percy Shelley, a wasansa na 1820, ya bi riwayar wasan kwaikwayon, amma ya ƙi sulhu tsakanin mai azaba da wanda ake azabtarwa, sai ya sa aka tumɓuke sarkin alloli. Mary Shelley, a Frankenstein na 1818, Prometiyus mai ƙera mutum da laka ta ɗauka, wanda yake wajen Obid amma babu shi a Hesiyod, kuma halittar ce da kanta ke horon mahaliccinta. Albert Camus a 1942 ya bar laifin Sisifus a gefe, ya tsaya a kan lokacin da yake gangarowa bayan dutsen, yana sane da halinsa sarai. Dante, mawaƙin Italiya, ya bi ta ɗaya ɓangaren: a waƙa ta 14 ta Inferno ya kwantar da Kafaniyus, wanda Zeyus ya harba da tsawa a katangar birnin Tibis, ƙarƙashin ruwan wuta yana ci gaba da saɓo, aka ce masa fushin nan nasa shi ne azabar da ta dace da shi.

Ka kiyayi cusa Antigone, jarumar wasan kwaikwayon Sofokilis, cikin wannan sahu, kuskure ne da ake yawan yi. Ita dokar sarki Kiriyon ta karya don ta yi biyayya ga dokar alloli ta binne mamaci, wanda alloli suka hora a ƙarshen wasan Kiriyon ne. Haka kuma ambaton suna kawai ba tasiri ba ne. Kafin ka rubuta cewa wani littafi ya ɗebo daga Sisifus, ka nuna aikin da ake maimaitawa ba ƙarshe, ka nuna wanda ya ɗora shi, ka nuna cewa mai yin sa ya san ba zai ƙare ba. In ɗaya daga ukun ya ɓace, ka rubuta “kama” a maimakon “tasiri”.